Tayoyi Masu Laushi a Yashin Al Thakira

Ana idar da sallar asuba muka bar gidanmu da ke unguwar Madinat Khalifa a Doha, ranar Asabar ɗin da ta wuce, gari da ɗan sanyi, fitilun titi ba su mutu ba tukuna. Mu huɗu ne a motar. Baba yana tuƙi, Mama tana gefensa, ni da Kaka muna baya. A saman motar an ɗaure kayak, wato ɗan kwalekwalen roba mai cin mutum biyu, launin ruwan ɗorawa, wanda Baba ya aro wajen wani abokin aikinsa. Duk lokacin da muka hau tudun rage gudu sai igiyoyinsa su yi ƙara, Mama ta ɗaga kai ta kalli rufin motar kamar za ta iya hango shi ta ciki.

Tafiyar ta Kaka ce. Ita ce mahaifiyar Baba, daga Yauri ta zo aka yi mata aiki a gwiwa, ta zauna da mu 'yan watanni. Wata yamma muna Corniche, wurin shan iska a bakin teku, tana kallon jiragen ruwa na katako, sai ta ce, ba da kowa take ba, "Da zan ƙara jin ruwa a ƙarƙashina ko sau ɗaya." Baba ya ji. Shi kuwa idan magana ta shiga kunnensa sai ta zama aiki. Ya aro kayak, ya saya mana rigunan da ke hana nutsewa, ya sa manhajar da ke nuna lokacin cikar teku da janyewarsa a wayarsa. Jirgin saman da zai mayar da Kaka gida ranar Litinin zai tashi, Lahadi kuma a nan ranar aiki ce da makaranta. Idan ba ta shiga ruwa a wannan Asabar ba, shi ke nan, za ta koma gida da maganarta a baki.

Sai dai ni na tashi da zargi a raina. Tun ina ƙarama Kaka take ba ni labarin yadda take tuƙa kwalekwalen babanta ita kaɗai daga tsibirinsu zuwa kasuwar Yauri, da albasa da busasshen kifi. Na yarda da labarin nan shekara da shekaru. Amma tun ranar da Baba ya bayyana tsarinsa muna cin abinci, Kaka ta canza. Ya ɗora cokali a kan rimot ya ce ga kayak ga amalanke: tun da gwiwarta ba za ta iya yashi mai laushi ba, za ta shiga ciki ta miƙe ƙafafu tun daga bakin mota, shi kuma ya ja ta har ruwa. Daga ranar kullum da dalili. Yau iska ta yi yawa, gobe gwiwa ta motsa, jibi ta tambaya ko an tabbatar babu kada a tekun. Ni ba na yawan magana, don haka ina da lokacin kallo. Abin da kallo ya ba ni shi ne, wataƙila Kaka ba ta taɓa riƙe filafili ba, labarin wani yayanta ne ta ara, yanzu kuma tana tsoron asiri ya tonu a gaban ɗanta. Da safen nan ma ita ce ƙarshen fitowa, sau biyu tana komawa neman carbin da ke wuyanta.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani. Baba ɗan fari ne, saboda haka Kaka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma gaya masa magana kai tsaye. Ko yana zaune kusa da ita sai ta juyo wurina ta ce, "Gaya wa ubanki." Ni ce wayar da ke tsakaninsu.

Abin da ya rage mana shi ne amalanken, shi ya sa muka fara nufar Al Rayyan maimakon arewa. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato ta sa tallan kayan gidansu, har da amalanken kayak, a dandalin 'yan Najeriya, mijinta ya samu aiki a wata ƙasa ya riga ya tafi, ita ma za ta bi shi. Da safen ne kawai za a same ta, da zarar ta sauko daga aiki. Gidan irin manyan gidajen nan ne da aka yayyanka aka zuba 'yan haya, takalma iri-iri a bakin kowace ƙofa. Ta fito da kayan aikinta a jiki, idanunta jajur, ta durƙusa ta gaida Kaka da Hausa mai daɗi, sannan ta ja mu wani lungu bayan injin wanki.

Amalanke uku ta fito da su. Dukkansu ana naɗe su kamar kujerar zuwa filin Idi, ana kuma cire tayoyin. Na farko tayoyinsa sirara ne na roba mai tauri, yana ƙyalli, takardar farashi ma ba ta gama ɓarewa ba. Na biyu yana da ƙarafa biyu a tsaye da ake zurawa a ramukan ƙasan kayak. Baba ya auna da igiyar awo ya ga tazararsu ba ta yi daidai da namu ba, aka ajiye shi gefe. Na uku shi ne mummunan cikinsu. Tayoyinsa manya ne, ruwan toka, buhu-buhu kamar kabewa, kana danna su da yatsa sai su lotsa.

"Sista, waɗannan ai sun sace," in ji Baba.

"Alhaji, ni fa ban san kansu ba. Haka nake ganinsu kullum. Mutumin ya tafi ya bar ni da tarkace, ko wanne kuka ɗauka kun taimake ni."

"Me ya sa ya sayi har uku?"

"Ka tambaye ni! Ni ma tambayar da na yi ke nan, har yau yana bincike."

Mama ta yi dariya, Baba bai yi ba. Hannunsa yana kan mai ƙyallin. Ni kuwa ina tsugune ina duba su ɗaya bayan ɗaya, kuma tambayar Baba ta tsaya mini. Mai ƙyallin ko ƙwarzane babu a tayarsa. Na biyun ma kusan sabo ne. Mummunan nan kuwa rana ta ci launinsa, kumfar da kayak ke kwanciya a kai ta lotsa, akwai yashi a maƙale cikin ramin ƙarfen tayar, har da ɗan ɓawon katantanwa. Mutum ba ya wahalar da abin da ba ya masa aiki. Na kasa faɗa wa Baba a gaban baƙuwa, sai na ja gefen mayafin Mama na raɗa mata. Mama ta tsuguna ta gani, ta miƙe ta maimaita maganata kamar tata ce. Baba ya lakato yashin da farce, ya kalle ni don ya san inda maganar ta fito. Muka ɗauki mummunan. Ba zan faɗi kuɗinsa ba, domin a gidanmu an hana ambaton farashin komai a gaban Kaka tun ranar da ta ji kuɗin tumatir ta ƙi cin miya.

Muna fita daga layin Baba ya fara. Ya ce wanda zai bar gari shi ne ya fi kowa iya sayar da ruɓaɓɓen kaya, don ya san ba za a same shi ba. Ya ce a duk duniya taya mai laushi taya ce mai huji, ko ɗan kura mai sayar da ruwa a Kano ya san wannan. Ni dai tunanina ɗaya, idan amalanken ya ƙi, zaɓina ne ya hana Kaka shiga teku.

Muka tsaya a gidan mai. Akwai ɗan shagon shayi a gefe, irin wanda kake danna hon a kawo maka har mota. Muka karɓi karak, shayin madara mai kauri da ƙamshin kadamon, da capati, wata irin gurasa, mai ƙwai a naɗe cikin takarda. Kaka ta daɗe da yanke hukunci cewa karak kunu ne da bai ƙarasa ba, amma ba ta taɓa barin ko ɗigo a kofi. Baba ya kwashi tayoyin biyu ya nufi banshar, wato shagon masu faci. Ta gilashi na ga mai facin yana jujjuya tayar, yana neman wani rubutu a gefenta da ya riga ya goge, yana kaɗa kai. Baba yana nuna masa babban yatsa yana cewa ya ƙara. Da ya dawo tayoyin sun yi tauri kamar ƙwallo, fuskarsa ta saki. But ɗin motar ya cika da kula da tabarma da rigunan ruwa, sai aka sa tayoyin a ƙasan kujerarmu, Mama ta ce ma Kaka ta ɗora ƙafarta a kai ta huta.

Titin arewa faɗi gare shi, sumul, ga kyamarori a jere, shi ya sa kowa yake tafiya da ladabi. Bayan an wuce gidaje sai fili fari fat, da turakun lantarki, da wasu gonaki da aka kewaye da itatuwa can nesa. Kaka ta daɗe tana kallo ta taga sannan ta ce, "Ƙasa har ƙasa, ko gero ɗaya babu." Baba ya kunna karatu a rediyo, Mama ta fara gyangyaɗi.

A nan na ji sautin. Siririn huci ne, kamar tukunya ta fara tafasa a wani ɗaki. Na ɗauka iskar taga ce. Sai na ga Kaka ta sunkuya kamar tana sosa idon sawu, mayafinta ya rufe hannunta, fuskarta tana kallon waje. Da ta ɗago sai sautin ya tsaya. Tsakanin yatsunta akwai tsinken sakace da aka ba mu tare da capati. Can an jima ta koma tayar da ke ƙarƙashin ɗaya ƙafar. Na san abin da ake yi da tsinke a bakin bawul, yaran layinmu a Najeriya sun sha yi wa keken mai gadi. Na kau da kai na yi kamar ina ƙirga turakun lantarki. Zargina ya tabbata, amma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Mun wuce filin ƙwallon nan mai siffar tanti, muka ratsa Al Khor ta gefen tashar masunta. Ƙarnin kifi ya shigo ta na'urar sanyaya mota. Kaka ta miƙe zaune, ta buɗe hanci, idonta yana bin ragar da wasu mutane ke warwarewa a ƙasa. Da ta lura ina kallonta sai ta koma ta jingina ta ce warin yana tayar mata da zuciya.

Al Thakira ɗan gari ne shiru. A bayansa akwai itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, Larabawa suna ce musu ƙurm, kore shar a tsakiyar farin fili, ruwa yana ratsa su lungu-lungu. Baba ya kauce wa inda masu hayar kayak suke tara jama'a, ya zaɓi wani gefe da babu kowa don kada a zuba wa Kaka ido. Ya tsaya inda ƙasa mai tauri ta ƙare. Daga nan zuwa ruwa yashi ne mai laushi, nisansa kamar tsawon filin makarantarmu. Ya duba waya ya ce ruwan ya gama cika, ya fara janyewa, idan muka yi sanya zai bar mana taɓo.

Muka sauke kayak mu uku, da ƙyar. Ni na haɗa amalanken, na zura tayoyin, Baba ya ɗora kayak ɗin ya ɗaure shi da bel. Kafin ya dawo daga ɗauko filafili na ɗan ja shi don in gwada. Ya biyo ni ba gardama, ya bar sawu mai faɗi marar zurfi, kamar an ja matashin kai a kan yashi. Sai Baba ya iso ya danna tayar da yatsa.

"Kun gani ko? Ban faɗa ba? Ko awa ba a yi ba!"

Kaka tana zaune a bakin ƙofar mota tana jan carbi. Ta ce da ni, "Gaya wa ubanki kada ya wahalar da kansa. Na ga ruwan daga nan, ya isa."

Baba ba mai barin abu ba ne. Ya ciro ɗan famfon da ke aiki da batirin mota ya sake cika su tam. Mama kuma ta shimfiɗa farin zanin gado a cikin kayak ɗin daga kai har ƙafa, saboda robar ta fara zafi, ta sa ɗan matashi a wajen kai. Baba ya ce a fara gwadawa da kula da jarkar ruwa kafin a ɗora mutum. Ya kama hannun gaba ya ja. Taku kaɗan tayoyin suka fara tona, suna tara yashi a gabansu, har suka nutse zuwa ƙarfe. Ya ja, ya ja, jijiyar wuyansa ta fito, takalminsa ɗaya ya suɓuce. Na buɗe baki in ce ɗazu da suna da laushi sun fi tafiya, sai na ga fuskarsa, na rufe. Can gaba ruwan ya fara barin wani baƙin layi a jikin saiwoyin ƙurm, layin yana ƙara faɗi.

Baba ya ce zai kira matar nan ta ba shi lambar mijinta. Wajen babu sabis sosai, sai ya hau wani ɗan tudu, Mama ta bi shi tana cewa ya yi magana a hankali, baiwar Allah barci take yi. Suna ba da baya Kaka ta sauko da sandarta, ta dogara har inda amalanken ya maƙale, wanda bai yi nisa da motar ba. Na kawo mata kujerar roba ta zauna, ta fito da tsinkenta. Wannan karon ba ta ɓoye ba.

"Kaka," na ce. "Idan ba ki iya tuƙi ba ne, ba zan gaya wa kowa ba."

Ta tsayar da hannu ta dube ni, kallon da ban taɓa gani ba.

"Ni? Ke ƙawata, ashe rainin da kike mini ke nan kina shiru-shiru? Ja da baya. Ƙara ja. To dubi abin nan da kyau ki gaya mini me kika gani."

Na ja baya na duba. Abu dogo, siriri, daidai tsawon mutum da ɗan ƙari. Farin ƙyalle daga kai har ƙafa. Matashi a wajen kai. Hannun ɗauka a gaba, hannun ɗauka a baya. Sau ɗaya na taɓa ganin makara, ranar da aka fitar da Kakanmu namiji daga zauren gidan Yauri, ina leƙe ta bayan labule, Baba ne a gaba yana riƙe da ita.

"Ranar tana zuwa, kuma shi ne zai kama gaban," in ji Kaka, ta koma kan bawul ɗinta. "Amma ba zan yi masa gwaji ina da rai ba."

"Me ya sa ba ki faɗa masa ba?"

"In faɗa wa wa? Riƙe mini sandar nan."

Na riƙe. Ta gama da taya ɗaya ta koma ɗayar, ta bar su sun yi laushi kamar yadda muka same su a Al Rayyan, ta koma mota abinta.

Baba ya sauko daga tudun, wayar ba ta shiga ba. Ya kalli ruwan, ya kalli agogo, ya ce khalas, wato shi ke nan, a mayar da kaya. Ya fizgi hannun kayak ɗin da ƙarfin fushi don ya juya shi, sai ga amalanke ya fito daga raminsa ya biyo shi da gudu har ya buge shi a ƙwauri. Ya tsaya. Ya sake ja da yatsu biyu, kula da jarka suna ciki, abin ya tafi sumul a kan yashin da ya gagare shi ɗazu. Ya tsuguna ya danna tayar, ta lotsa. Ya daɗe a tsugune. Ban taɓa ganin Baba yana kallon abu da irin wannan rashin yarda ba, kamar tayar ta yi masa ƙarya sau biyu.

Sannan ya miƙe da murna ya ce, "Inna, bismillah! Yalla, mu je, akwai sauran ruwa!"

Na kalli Kaka. Da hannunta ta gyara abin da take son ɓatawa, kuma dalilanta sun ƙare. Ta riƙe ƙofar motar gam. Na san abin da zai biyo baya: za ta ce in gaya wa ubana kanta yana ciwo, shi kuma zai yarda, mu koma Doha.

Ban san lokacin da na isa wurin kayak ɗin ba. Na yaye farin zanin, na dunƙule shi da matashin na miƙa wa Mama. Na ce, da ƙarfin da ya ba ni kunya daga baya, "Baba, Kaka ba za ta hau ba. Tura shi za ta yi. Ta kama bayan kamar ƙarfen da take tafiya da shi a asibiti, kai ka riƙe gaba kada ya gudu."

Baba ya fara cewa yashin zai yi wa gwiwar yawa. Mama ta kalli zanin da ke hannunta, ta kalli kayak ɗin, ta kalli Kaka. Sai na ga ta cusa zanin can ƙarƙashin kujerar mota, ta rufe ƙofa. Ta ce, "Abban yara, likita ma cewa ya yi ta riƙa takawa. A bar ta ta gwada."

Haka muka ratsa yashin. Baba a gaba yana tafiya da baya-baya, Kaka ta dafa bayan kayak da hannu biyu, ni a gefen gwiwar da aka yi wa aiki, Mama tana biye da kujerar roba. Manyan tayoyin ba sa tangaɗi, saboda haka abin ya zame mata kamar bango mai tafiya. Ta bi ta kan sawun tayar, inda yashin ya riga ya danne. In ta gaji sai a ajiye kujera ta zauna, mu kuma mu tsaya muna kallon ruwa yana guduwa. Ƙananan ƙaguwoyi suna ta shigewa ramukansu a gabanmu. A hutu na ƙarshe gumi ya jiƙa mata goshi, Baba ya ce ko a haƙura. Ba ta ko aike ni da amsa ba, ta miƙe.

Mun tarar da ruwan ya bar bakinsa na safe da nisa, amma akwai wata hanya mai ɗan zurfi da ta shiga cikin itatuwan, ruwanta ya kai gwiwar Baba. Aka kwance amalanken, aka sa mana rigunan ruwa. Baba ya nuna wa Kaka kujerar gaba. Ta ce da ni, "Gaya wa ubanki gaba wurin kaya ne da yara." Aka zaunar da ita a baya, ni a gaba, Baba ya naɗe wando ya riƙe igiya yana tafiya a gefenmu.

Filafilin kayak baki biyu gare shi, ana riƙe shi a tsakiya. Kaka ta jujjuya shi ta yi tsaki. Ta kama shi can kusa da baki ɗaya, ɗaya bakin yana lilo a saman kafaɗarta, ta tsoma shi a gefe guda. Na ji kayak ɗin ya zabura a ƙarƙashina. Ba ta sauya gefe ba ko sau ɗaya, a ƙarshen kowane ja sai ta ɗan murɗa hannu, hancin jirgin ya miƙe. Babu fantsama, babu ƙara. Igiyar da ke hannun Baba ta miƙe, ya fara sauri, ruwa ya kai masa cinya.

"Ƙawata," in ji Kaka daga bayana, "gaya wa ubanki ya saki igiyar."

Ban sami damar faɗa ba. Ya ji da kunnensa. Ya ɗan ƙara taku biyu, sannan ya naɗe igiyar ya jefo mini ita a cinya.

Ba mu yi nisa ba, kuma ba mu daɗe ba, don ruwan bai ba mu lokaci ba. Mun shiga tsakanin itatuwan inda iska ta tsaya cak, wani zalɓe ya tashi a gabanmu, ƙananan kifaye suna watsewa a ƙarƙashin inuwarmu. Kaka ta ɗebo ruwan da tafin hannu ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce wannan ba ruwa ba ne, miya ce da aka cika wa gishiri. Ban juya na kalle ta ba, don na ji yadda numfashinta ya canza. Da ƙasan jirgin ya fara gogar taɓo sai ta juya mu da ja biyu. Can na hango Baba tsaye a inda muka bar shi, cikin ruwa, bai koma gaɓa ba.

A komowa ma da ƙafarta ta taka, ta fi hutawa sau da yawa, babu mai gaggawa. Muka ci shinkafa da kifin da Mama ta soyo a inuwar mota, yashi yana shiga kowace loma. Kafin mu kai Al Khor Kaka ta yi barci, tayoyin suna ƙarƙashin ƙafarta. Baba ya ce da Mama ta tura wa Sista saƙon godiya, ta kuma ce ya nemi afuwa. Mama ta ce ai matar ba ta san an zage ta ba. Ya ce duk da haka.

Mun iso Madinat Khalifa bayan la'asar. Da yamma na bincika a waya, na ga ashe irin waɗannan tayoyin da gangan ake barinsu da laushi, don su baje a kan yashi maimakon su tona shi, kuma cika su da yawa yana iya lalata su. Ga wanda zai sayi amalanken kayak don yashi, abin da na koyo ke nan: ya nemi taya mai faɗi mai lotsawa, ya auna jirginsa kafin ya fita, in kuma na hannu ne ya duba wanda mai shi ya fi wahalarwa. Ɗaya abin da na koyo ya fi wannan nauyi. Na ga tsinken, na ji hucin iskar, na lura da ranar da Kaka ta canza, duk daidai na gani, amma labarin da na ɗora a kansu ba daidai ba ne. Ban gane ba sai da ta ce in ja baya.

Har yanzu Baba bai san wanda ya taɓa tayoyin ba, ko kuma ya sani ya yi shiru, ban tabbata ba. Ranar nan kafin magariba yana tsakar gida yana wanke musu gishiri da tiyo. Na ga ya danna ɗaya da babban yatsa, ta lotsa, hannunsa ya tafi wajen famfo da kansa. Kaka tana zaune a bakin taga an ɗora mata ƙanƙara a gwiwa. Na juya ina jiran ta aike ni. Ba ta kalle ni ba. Ta ɗan tura gilashin ta leƙa.

"Kai," ta ce masa. "Bar su haka."